Yadda muka tada motar Baba bayan ta yi damina biyu a ajiye

Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu a Garwa ta ƙasar Kamaru ya san motar nan, Peugeot 504 ce, mu dai Fijo muke ce mata, doguwar nan mai layin kujeru uku wadda muke kira familiyal, fara ce amma yanzu farin ya koma kalar ƙasa. Haɗin Kaduna ce, Baba ya sayo ta tun kafin a karya darajar sefa a 1994, lokacin yana fataucin atamfa tsakanin nan da Yola da Mubi, kuma kusan duk yaran gidanmu a cikinta aka ɗauko mu daga asibiti. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi sai aka faka ta ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida da niyyar sati biyu ko uku, toh kun san yadda jinya take, sati ya zama wata, wata ya zama shekara, ba wanda hankalinsa ke kan mota, har ta yi damina biyu da rani biyu a wurin ba a taɓa ko murɗa mata kontak ba.

Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo har sau uku. Na ƙarshen ma har ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta da makulli yana faɗin abinda zai bayar, Baba yana kan tabarma a baranda yana kallonsa, bai ce komai ba sai ya juya fuskarsa wajen bango. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Da daddare Inna ta ce min bikin ƙanwarmu ya matso, kuma Baba ya taɓa cewa duk 'yarsa a motarsa za a kai ta ɗakin miji kamar yadda aka kai yayyenta. A daren na yanke shawarar sai motar nan ta tashi.

Washegari na ari batir wajen maƙwabcinmu mai taksi na ɗaura, na shiga na murɗa kontak, sai naji ƙas, ƙara ɗaya tak, shikenan. Na sake, ƙas. Nan da nan samarin layi suka taru kowa da tasa shawarar, mafi yawansu cewa suke a turo ta waje a sa ta a giya ta biyu a sake ambiriyaj, wato kuloci, zata ɗauka, har sun fara naɗe hannun riga, sai muka ji Baba yana buga sandarsa a ƙasa. Maganarsa bata fita sosai tun ciwon amma wannan kowa ya ji ta, yace kar a tura ta. Ya kira ni da hannu na durƙusa kusa dashi, yace in je in nemo masa tsohon makanikensa.

Dattijon nan ya haura saba'in, ya bar gareji wa yaransa tuntuni, amma da naje na gaishe shi nace Alhaji ne ke kira ko shayin gabansa bai ƙarasa ba. A bayan babur ɗina na ɗauko shi da 'yar jakar fata wadda ba komai a ciki sai makullai kaɗan, da makullin buji, wato fulogi, da sukurdireba biyu, da takardar yashi mai laushi, da wani ƙwan fitila da ya ɗaure wa waya biyu. Ni kuma ina da 'yar na'urar awon wuta da nake gyaran solar gida da ita. Suka gaisa da Baba sun daɗe riƙe da hannun juna, sannan ya juyo yace min, ɗana, motar da ta kwana biyu a zaune kamar mai azumi ce, ba a fara mata da tuwo.

Kusan awa guda bai bari an taɓa kontak ba. Da farko ma sanda ya karɓa ya bubbuga tayoyi da ƙarƙashin kujeru da gefen injin kafin ya sa hannu ko'ina, saboda maciji da kunama, kuma kunama ɗaya ta fito daga ƙarƙashin tabarmar direba kuwa. Da muka ɗaga kapo, abinda ku na Najeriya kuke ce wa bonet, ƙurar hunturu ta yi kauri a kan komai har zaka iya rubuta sunanka, ganyen dogon yaro ya cika lungunan, zanzaro ya yi gini jere-jere a jikin murfin injin kamar ƙananan rumbuna. Ya kwance murfin tukunyar iska sai ga sheƙar ɓera cikakkiya a cikin filta, tsummokaran Inna da ɓawon gyaɗa da auduga, har da guntun takardar makarantar allo. Ya nuna min yace da kun tura ta ta ɗauka, duk wannan cikin karburater zai wuce. Muka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya muna neman inda ɓera ya ci, muka samu biyu, na fitilar gaba da na hon, Allah ya taimaka bai taɓa na kunna mota ba.

Sai ya zaro sandar awon baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya murza man a tsakanin yatsu ya shinshina. Abu uku yake dubawa: ko man ya kai, ko ya koma fari-fari kamar shayi da madara wanda ke nuna ruwa ya shiga, ko kuma yana warin esans, wato fetur. Namu baƙi ne kawai ya yi kauri. Ruwan radiyater kuwa ya yi ƙasa sosai, muka cika da ruwa muka tsaya muna kallon ƙasa ko zai ɗiga.

Abinda ya biyo baya shine dalilin da yasa Baba ya hana a tura ta, kuma shi nake so duk mai tsohuwar mota ya riƙe. Injin da ya daɗe bai juya ba, duk man da ke jikin silinda da fistin ya gangara ƙasa, ƙarfe ya bushe, ga laimar damina ta shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe ta sa tsatsa ta kama ringi. In ka tilasta masa juyawa da ƙarfin samari goma ko da sabon batir, ringi na iya karyewa ko ya karce silinda, motar da gyaranta bai wuce na kwana biyu ba sai ta koma ta sauke inji. Dattijo ya ɗaure wa wayoyin buji zare, na farko ƙulli ɗaya na biyu ƙulli biyu har huɗu don kar su rikice wajen mayarwa, domin injin nan yana bada wuta ne a jere 1-3-4-2, in ka sauya waya biyu ko komai lafiya bazata tashi daidai ba. Ya cire buji huɗun, ya zuba kamar cokali guda na baƙin mai a kowane rami, yace mu je mu yi azahar mu ci abinci. Bayan la'asar ya sa babban makulli a notin fulin gaban injin ya ɗan ja dama ya ɗan ja hagu a hankali, da farko ta ƙi, ya ƙara ja kaɗan sai naji wani ɗan sauti kamar an ɓalle busasshen kara, ta saki. Ya juya ta zagaye biyu cikakku da hannu ba inda ta tsaya. Sai lokacin naga ya yi murmushi, ya ɗaga murya yace Alhaji injinka na nan da ransa.

Daga nan muka dawo kan ƙas ɗin nan. Tsohon batirin motar na auna shi ko volt 6 bai kai ba, ruwansa ya ƙafe har farantan ciki sun fito sun yi fari. Batirin da ya cika yana nuna 12.6, in ya sauko 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuwa ya yi rauni sosai, kuma batir ko ba a amfani dashi yana zubar da cajinsa da kansa, zafi na ƙara masa sauri, ga kuma zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. In ya daɗe a sauke sai wani farin gishiri ya daskare a farantansa wanda caji baya narkar dashi, don haka wannan ko wajen mai caji ban kai shi ba. Amma na aron da na ɗaura 12.5 yake nunawa, lafiyarsa ƙalau, toh me ya hana?

Dattijo yace in kunna manyan fitilu in murɗa kontak shi yana kallo daga gaba. Na murɗa, fitilun suka dushe kusan suka mutu. Yace in fitila ta dushe haka, wutar ce bata isa, ko batir ko kan batir ko wayar mas, wato baƙar wayar batir da ke ɗaure a jikin mota, ko kuma demarer ɗin ya cije. In kuma ko gezau bata yi ba, toh wutar bata ma kai wa demarer ba, sai a nemi laifin a kontak ko solenoyid ko ƙaramar wayarsa. A nan bari in ɗan tsaya saboda 'yan uwa na ƙetaren iyaka, abinda kuke kira kik ko sitata mu demarer muke cewa, in kuwa makaniken Garwa yace maka ja sitata toh cok yake nufi, haka Faransanci ya bar mana, na sha ganin an yi ta musu a kan wannan a tashar Yola.

Kawunan batir sun yi wani farin gari mai shuɗi-shuɗi. Ya aika aka karɓo kanwa wajen Inna aka jiƙa a ruwan ɗumi, ya zuba a kai tana tafasa tana kumfa, domin kanwa na kashe asid, ya dai kiyaye kar ta shiga cikin batirin, sannan ya kankare da takardar yashi har dalma ta yi haske. Muka gwada, ƙas dai. Sai ya bi baƙar wayar nan mai kauri har inda aka ɗaure ta a jikin mota, ya kwance notin, wallahi ƙarƙashinta kore shar da tsatsa, kana taɓawa tana zuba kamar garin kuka. Ya goge wurin har farin ƙarfe ya fito, ya yanke bakin wayar ya sa sabon kai ya ɗaure tam. Na murɗa kontak, bujin suna waje har lokacin, sai injin ya hau juyawa da sauri yana feso man da muka zuba. Yace in bar shi ya juya daƙiƙa goma in huta, in sake, har jar fitilar mai ta mutu a dashbod, alamar mai ya zagaya ko'ina kenan. Kuma ya gargaɗe ni kar in taɓa riƙe demarer fiye da haka, yana zafi ya ƙone.

Ranar farko kenan. Na kwana da murna ina ganin gobe da safe sai tafiya.

Da safe muka goge buji muka mayar, sabon batir na saya a hanya, na murɗa, tana juyawa lafiya lau amma ko tari bata yi ba. Nan ne na fara cewa ko bobin ne, wato koyil, ya mutu in je in sayo, don wani abokina ya faɗa min tasa haka ta yi masa. Dattijo yace ɗana ajiye kuɗinka, ba a sayen magani kafin a san ciwo. Injin esans abu uku yake nema, wuta da mai da numfashi, ɗaya bayan ɗaya zamu tambaye ta wanne ta rasa.

Wuta ya fara nema. Ya cire wayar tsakiya daga kan delko, wato distiributa, ya riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin injin yace in murɗa. Shiru, ko ƙyas. Ya ɗauko ƙwan fitilarsa ya taɓa a gefen bobin inda wuta ke shiga, ta kama, ma'ana kontak na aiko da wuta. Sai ya ɓalle murfin delko ya cire rotor ya kira ni in leƙa. Wasu 'yan ƙarafa biyu ne ƙanana masu baki kamar ƙwayar gero, suna haɗuwa suna rabuwa in injin na juyawa, mu platin muke ce musu, a Najeriya kwantak set. Duk lokacin da suka rabu ne bobin ke mayar da volt 12 ɗin batir ya zama dubbai ya aika wa buji. Bakinsu ya yi wani fari-fari toka-toka kamar an shafa alli, wannan 'yar dattin da ko kaurin takarda bata kai ba ita ta hana wuta wucewa. Ya naɗe takardar yashi mai laushi ya zura tsakaninsu ya ja sau biyar ko shida, ya bi da farar takarda mai tsabta har ta daina fitowa da baƙi, ya daidaita tazararsu wajen milimita 0.4, ya goge cikin murfin ya duba ko ya tsage ya taɓa ɗan gawayin tsakiya yaga yana motsi. Na murɗa, sai naji tas tas tas, wuta shuɗiya tana tsalle. Yace shuɗiya ake so, in ja ce ko rawaya mai rauni sai a zargi kondansater ko bobin. Ya ƙara da cewa kar in riƙa barin kontak a buɗe injin na kashe, in platin suna haɗe bobin zai yi ta zafi har ya lalace.

Ni abinda ke damuna da gyaran mota na yanzu kenan, da yawa daga cikin yaran gareji basu san wannan bin sawun ba, kana kai mota sai a ce sayo wannan, bai yi ba sayo wancan, har ka sauya rabin injin da kayan da basu kai na asalin inganci ba, a ƙarshe a gano waya ce ta saki. Ba laifinsu bane su kaɗai, motocin da suka koya a kai na kwamfuta ne, kuma mu masu motar ma bama haƙuri, so muke a taɓa ta tashi. Amma tsohuwar mota irin wannan komai nata a fili yake, tana faɗa maka ciwonta in ka bi ta a hankali.

Wuta ta samu amma har yanzu ta ƙi. Saura mai. Ya buɗe murfin tanki yace in shinshina, wari ne kamar na tsohon fenti ko banish ɗin kafinta, ba irin warin esans mai hawa kai ba. Esans in ya daɗe, ɓangarensa mai saurin kamawa shi ke fara tashi ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro, kuma tankin da ba a cike yake ba yana tara raɓa a cikinsa, dare sanyi rana zafi, ruwan ya taru a ƙasa tunda ya fi mai nauyi ya ci ƙarfen. Muka zuƙe abinda ke ciki a wata farar kwalba muka ajiye a rana. Bayan 'yan mintuna na ɗaga ina kallo, sama ja-ja kamar shayin da ya daɗe a wuta, ƙasa kuma ruwa kusan yatsa biyu, can gindin kwalbar garin tsatsa ya kwanta kamar dusar barkono. Na kai wa Baba ya gani, ya girgiza kai.

Man ƙarshe da aka zuba mata zuwa-zuwa ne, na kwalba da ake sayarwa a bakin titi wanda ake shigowa dashi daga Najeriya. Duk arewacin nan dashi muka tashi, ba mai musun wannan, ya rufa wa talaka asiri shekara da shekaru, ko da yake tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023 shima ya yi tsada, na gidan mai kuma ya kai sefa 840 lita a farkon 2024. Ba zan ce kar a saya ba, amma man da ya sha jarka da durom da rana kafin ya iso gare ka, in zaka zuba ka tace da ƙyalle mai tsabta, in kuma ajiye mota zaka yi kar ka bar shi ya kwana a cikinta wata da watanni.

Tankin muka sauke gaba ɗaya aka kai wanki. Kafin ya dawo dattijo ya sa tiyo daga wani ƙaramin bidon na sabon mai kai tsaye zuwa famfon mai, ya cire tiyon da ke shiga karburater ya sa bakinsa a kwalba, yace murɗa. Ko ɗigo. Famfon 504 ba na lantarki bane, injin ne ke motsa shi, a cikinsa akwai wata fatar roba da ke lotsawa tana tasowa tana tura mai, da ya buɗe sai gata ta bushe ta yi tauri kamar ƙilishi har ta fara tsagewa a gefe. Yace wannan tsagewar ta fi ƙin tashi haɗari, don ta nan esans ke zubowa cikin baƙin mai ya tsinka shi, mutum na tafiya bai sani ba injinsa na cin kansa. Abin daɗin shine kayan Fijo har gobe ana samunsu, na zaga shago uku a kasuwa na samo famfo. Tiyoyin mai duka muka sauya don suna lanƙwasawa suna fashewa.

Karburater kuwa a kan tiren Inna ya baje shi, a baranda kusa da Baba don ya gani. Ƙasan 'yar tukunyar ya yi wani danƙo ruwan zuma, allurar da ke buɗe wa mai hanya ta manne, jiklar ɗin nan masu ramin da bai fi na allurar ɗinki ba duk sun toshe. Ya jiƙa su a sabon esans ya wanke da tsohon buroshin haƙori, ya hura da famfon keke yana ɗagawa sama yana leƙa hasken rana ta ramin. Na miƙo masa siririyar waya in taimaka yace a'a, waya tana faɗaɗa ramin, daga ranar motarka ta zama mashayiya. Kuma dan Allah masu zuba esans a bakin karburater wani na murɗa kontak ku daina sa fuskarku a kai, in ta yi atishawa wuta ce ke fitowa, shi kansa dattijon ya nuna min tabon da ke hannunsa tun yana yaron gareji.

Ranar ta uku da hantsi aka haɗa komai. Na ja sitata, na taka totur sau biyu, na yi bismillah na murɗa. Ta yi tari, ta sake, ta ɗauka! Yara suka yi ihu, amma ko daƙiƙa biyar bata yi ba ta yi wani irin gurnani ta mutu. Na sake, haka. Sau huɗu tana ɗauka tana shaƙewa. Dattijo ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon karburater, ni kuma gwiwata ta fara sanyi, sai muka ji sandar Baba a ƙasa. Yana nuna bayan motar da hannunsa mai lafiya yana faɗin wata kalma da bamu gane ba sai da Inna ta matsa kusa tace cewa yake bata numfashi, ku duba baya.

Dattijo ya zagaya ya durƙusa ya leƙa bakin salansa, ya sa sukurdireba, sai ga busasshen laka na zubowa. Zanzaro ya gine bakin kusan gaba ɗaya, bayan ginin kuma ɓera ya cusa tsumma da ɓawon gyaɗa har cikin tukunyar. Injin da hayaƙinsa bai samu hanyar fita ba bazai iya jan sabuwar iska ba. Mutumin da ya shekara talatin yana jin muryar motarsa, daga kan tabarma ya gane abinda mu da muke tsaye a kanta bamu gane ba. Dattijo ya ɗago yana share hannu yace Alhaji ka fi ni kunne, Baba ya yi dariya, rabon da inji dariyarsa haka tun kafin ya kwanta.

Muka kwance salansar muka zazzage muka mayar. Murɗawa ɗaya ta tashi ta zauna. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe gidan na ɗan lokaci, man da muka zuba a silinda ne ke ƙonewa, a hankali ya washe. Ya hana ni taka totur da ƙarfi, yace in zuba ido a fitilar mai da allurar zafi, shi kuma yana zagayawa yana leƙa ƙasa yana matsa tiyoyin ruwa. Na auna batir tana aiki naga 14, alamar altanato na caji, tsakanin 13.8 da 14.4 ake so. Bel ɗin fanka ya tsattsage muka sauya, da ta yi zafi muka juye tsohon baƙin mai da filtarsa muka zuba sabo.

Tashin inji daban tafiya daban. An bar ta da burkin hannu a ja tsawon wannan lokaci, takalman burkin baya sun manne da ganga, sai da aka ɗaga ta aka cire tayoyin aka bubbuga da guduma suka saki. Ambiriyaj ma ya manne, ka taka feda har ƙasa giya ta ƙi shiga sai ƙara, wannan sai da aka tura ta fili aka tada ta a cikin giya feda a take kafin ya ɓalle. Man burki ya koma baƙi, shi dama yana shan laima daga iska, muka zubar muka sa sabo muka fitar da iska ƙafa huɗu, robar ƙafa ɗaya ta baya na yoyo aka sauya. Tayoyi kuma ko da zanensu bai cinye ba gefensu duk ya yi tsaga, dattijo ya nuna min lambobi huɗun da ke jikin taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, namu duk sun haura shekara goma. Biyu na iya saya yanzu na sa a gaba, biyun baya sai ƙarshen wata, kafin nan ba inda zata je da nisa.

Da zai tafi na tambaye shi yadda ya kamata mu yi tun farko. Yace a cire kan batir na mas, a sa dutse a taya maimakon burkin hannu, a toshe bakin salansa da na iska da abinda ɓera bazai ci ba, sannan duk sati biyu wani ya fita da ita ta yi tafiyar rabin awa har ta yi zafi sosai, ba a kunna ta minti biyar a tsaye a kashe ba, wannan ruwa kawai yake tarawa a salansa ya kuma cinye batir. Na ba shi abinda na iya ya ƙi karɓa, sai da Inna ta fito da kanta tace Malam ai na goro ne, sannan ya karɓi rabi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ni da ƙanena muka ɗauki Baba muka zaunar dashi a kujerar gaba. Ya shafa dashbod da hannunsa ya gyara madubin tsakiya duk da ba shi ke tuƙi ba. Muka fita a hankali ta cikin unguwa, mutane na ɗaga masa hannu daga bakin shaguna, wani tsoho har ya taso ya biyo mu yana Alhaji barka da fitowa. Ban kai gadar Binuwai ba na juyo saboda asurans da bizit teknik, wato inshora da takardar binciken lafiyar mota, duk sun ƙare, ranar Litinin zan fara bin takardun. A hanyar dawowa na sa giya ta uku da wuri injin ya ɗan yi nauyi, sai naji ya taɓa gwiwata yace in bar ta ta ƙara ja tukuna.